Lambar da Na Rubuta a Tafin Hannuna

Duk shekara, da zarar jarrabawar fita sakandare ta matso, sai matan unguwa su fara turo min 'ya'yansu kantin magani. Wai ni ce wadda ta ci A1 a kemistiri a zamaninmu, in taimaka in gaya wa yaran yadda ake yi. Ba na korarsu. Nakan tura kwalin magani gefe in ce su zauna a benci, in faɗa musu abin da na sani: kada su haddace abin da ba su gane ba, su yi lissafi biyar kullum ko da ranar Sallah ce, su buɗe littafi na musamman don kurakuransu. Suna rubutawa suna gyaɗa kai, daga baya iyayen su kira ni su yi ta sa albarka. Ni kuwa albarkar nan nauyi take yi min, domin ko ɗaya daga cikin dabarun nan ba tawa ba ce. Na ƙawata ne, wadda muka zauna benci ɗaya shekara uku. Ita ko kiredit ba ta samu ba, kuma da hannuna a ciki.

Makarantarmu ta 'yan mata ce, ta je-ka-ka-dawo, a cikin birni. Ni daga Ƙofar Sauri nake zuwa da ƙafa. Ita kuma daga wani ƙauye a bayan Batagarawa, inda mahaifinta, Bafulatani, ya daɗe da kafa gida yana noma yana kiwo. Sai ta yi tatsa da sassafe, ta taka zuwa bakin titi, ta jira motar haya, amma sau da yawa tana riga ni shiga aji, abin da har yau ban gane yadda take yi ba. Ina kiranta 'yar ruga, tana kirana 'yar birni mai tsoron akuya. Ba ƙarya ta yi min ba, har gobe ba na shiri da akuya.

Ni kaina na hadda ne. Islamiyya ta horar da ni, in aka ba ni shafi zan mayar da shi har da waƙafi. Muna aji huɗu na haddace teburin sinadarai tun daga farko har inda Malam ya ce ya isa, ina rerawa ina ji da kaina. Amma da Malam ya ɗan juya tambaya, sai in tsaya ina kallon allo kamar yau na fara zuwa makarantar. Ita akasin haka take. Turanci na ba ta wahala, kafin ta haɗa jimla ɗaya na cika rabin shafi, amma abin da ke faruwa a cikin kwalba ƙuru-ƙuru take ganinsa.

Ranar Asabar take zuwa gidanmu da hantsi, in ta rako innarta da ke kawo nono birni. Wata Asabar na jefar da littafi na ce ni dai asid da bes sun ishe ni, duk wanda ya ƙirƙiro su bai da aikin yi. Ta tashi ta leƙa kicin ta ce da mahaifiyata, "Mama, a ɗan sam mani zoɓo da kanwa da lemun tsami." Ta dawo ta ajiye kofi a gabana.

"Duba nan, 'yar birni. Wanga ja ne ko? To, sa mashi kanwa."

Na ɗiga ruwan kanwa, zoɓon ya rine ya koma baƙi-baƙi mai duhun kore.

"Yanzu matsa lemu. A hankali hwa, ɗigo-ɗigo, kar ki yi mani zubin 'yan birni."

Ina ɗigawa tana juya kofin, ina ɗigawa tana juyawa, can sai ja ya dawo lokaci ɗaya.

"Daidai inda ya juya ɗin nan, nan suka yi kunnen doki, ba wanda ya hi wani. Shi ne abin da Malam ke ta hwaɗa da Turanci wata biyu."

Mama ta leƙo ta ce in dai wannan ce kimiyyar, ita ta gama digirinta tun kafin a haife mu, kuma a bar mata sauran kanwarta.

Daga ranar karatunmu ya sauya. Daidaita lissafin sinadarai, wanda da nake yi da ƙiyasi da addu'a, sai ta mayar da shi wasan tabarma: wake ya zama wani sinadari, gyaɗa wani, masara wani, a ja layi da gawayi a tsakiya, duk ƙwayar da ke hagu sai an same ta a dama. Ta kafa mana doka cewa duk abin da muka karanta sai ɗaya ta rufe littafi ta yi wa ɗayar bayani da Hausa, irin wanda innarta za ta gane. In kika fara jero Turancin littafi sai ta ɗaga hannu ta ce, "Inna ba ta ji ba, sake." Mun samo tambayoyin shekarun baya, muna yin lissafi biyar kullum kafin a fita tara. Sannan akwai wani ƙaramin littafi da ta sa wa suna littafin kunya. Duk tambayar da kika faɗi sai kin rubuta ta a ciki, kin rubuta abin da ya kai ki ga faɗuwa, ba amsar kawai ba. Nawa ya cika kafin nata ya kai rabi, kuma yawancin abin da ke ciki magana ɗaya ce: ban karanta tambayar har ƙarshe ba.

Ni kuma ina biyanta da Turanci. Nakan gyara mata jimloli, in rage musu tsawo, in koya mata kalmomin da masu ba da maki ke son gani. Tana ƙoƙari, amma mun san a rubutacciyar jarrabawa tsaka-tsaki za ta samu. Dogaronta duk yana kan jarrabawar gwaji, wadda ake yi a lab da hannu.

Babbar tambaya a jarrabawar gwaji ita ce irin abin nan da ta nuna min da zoɓo. Ana ba ki wani dogon bututun gilashi mai lambobi a jiki da ɗan famfo a ƙasa, buret ake ce masa. Ki cika shi da asid, ki riƙa sakin sa cikin kwalbar bes har launi ya juya, sai ki karanta yawan asid ɗin da ya tafi, ki rubuta. A yi sau uku, lambobin su zo kusa da juna, daga nan duk sauran lissafin tambayar yake tashi. A nan ba wanda ya kama ƙafarta a ajinmu. Hannun da ya saba tatsa ba ya rawa. Takan durƙusa har idonta ya yi daidai da ruwan, ta saki rabin ɗigo in ta ga dama. Malaminmu na kemistiri, wani dattijo mai yawan faɗa amma marar riƙo, yakan zo ya duba lambarta ya ce bari ya ga ko tasa daidai ce.

Burinta makarantar koyon aikin jinya, kuma ba a shiga sai da kiredit a kemistiri. Mahaifinta ne ma ya fi ta ɗoki. Shi ke yi wa shanunsa allura da kansa, yakan ce ya gaji da gidan da shanu ke da likita mutane ba su da shi. Duk ƙauyen sun san 'yarsa za ta zama nas.

Dole in bayyana yadda ake ba da maki a gwajin nan, don a nan abin ya faru. Malamin makaranta shi ke haɗa ruwan asid da na bes a jarkoki kafin jarrabawa, ya yi gwajin da kansa, ya rubuta lambar da ya samu a aika tare da takardunmu. Da lambarsa ake auna ta kowa. Wadda ta zo kusa da shi ta kwashe maki, wadda ta yi nisa ta rasa. Kayan aikin lab ɗinmu ba sa isar mu duka a lokaci ɗaya, saboda haka ake raba mu rukuni biyu. Na farko su shiga, na biyu a tsare su a wani aji. To, akwai wata al'ada da muka gada daga 'yan gabanmu: 'yar rukunin farko ta rubuta lambarta a tafin hannu, in za a wuce da su ta gaban tagar ajin sai ta buɗe wa ƙawarta. Ba ma kiran wannan satar amsa. Zumunci muke ce masa.

Da aka kafe jerin sunaye, ni na faɗo a rukunin farko, ita a na biyu. Ana gobe jarrabawa na ce mata ta zauna kusa da taga.

"Ni ba ni so," ta ce. "In kin nuna mani ruɗa ni za ki yi. Bar ni da hannuna."

Na ce to. Amma a raina na riga na yanke. Shekara uku ita ke ba ni, ni ina karɓa, kuma duk ajin sun sani. Na so ko sau ɗaya a ce ni ce na ba ta wani abu a kemistiri. Na daɗe ina gaya wa kaina ƙauna ce ta sa ni. Akwai ƙaunar, amma girman kai ya fi yawa.

Da safen ranar aka turo mana mai sa ido daga waje, wata mata mai tabarau wadda ba ta san dariya ba. Ta tara mu ta ce duk wadda aka kama tana yi wa wata ko da ƙifta ido ne, ba kemistiri kaɗai ba, duk sakamakonta za a soke. Muka shiga. Na yi yadda aka koya min, na durƙusa, na saki ɗigo-ɗigo, na samu ashirin da ɗaya da ɗigo uku, na biyu da na uku suka zo dab da ita. Na saci kallon takardar ta kusa da ni, ita ma wajen nan take. Kafin a ce a ajiye biro na rubuta lambar a tafin hannuna na hagu na dunƙule.

Aka jero mu za a kai mu babban ɗakin taro a tsare har na biyu su shiga. Ƙawata tana zaune kusa da tagar ajinsu, ba don ni ba, can ne inda iska take. Na yi tari, na buɗe hannu a jikin ƙarfen tagar kamar mai dafawa. Ta kalla, ta ɗaure fuska, ta kau da kai. Amma ta gani.

A ɗakin taron na samu wuri a bakin ƙofa, ina jin daɗin kaina. Daga nan ana hango famfon da ke bayan lab. Sai ga Malam ya fito da jarkar asid, ya kifa ta yana girgizawa, babu komai a ciki. Ashe mun yi ɓarna wajen ɗauraye kayan aiki, abin da aka haɗa don rukuni biyu mu kaɗai muka kusa cinye shi. Ya koma ya ɗauko babbar kwalba da ma'auni, ya tsaya yana haɗa sabo da sauri, gumi na zuba masa. Ya shiga ciki da shi ya daɗe, na san gwadawa yake yi ya fitar da sabuwar lamba.

Ba sai an yi min bayani ba. Ita da kanta ta taɓa ce min ko mace ɗaya ce ta yi miya tukunya biyu, gishirinsu ba zai zo ɗaya ba, haka ruwan lab yake. Sabon haɗi, sabuwar lamba. Abin da ke tafin hannuna ya tashi daga taimako ya koma tarko. 'Yan rukuni na biyu kuwa ajinsu na can ɗaya ɓangaren, ba su ga komai ba, kuma Malam ba shi da dalilin yi musu sanarwa, tunda a ƙa'ida ba wadda ta san lambar farko.

Ta gaban ƙofar da nake zaune aka wuce da su. Mai tabarau na tsaye a kaina, har ina jin ƙamshin turarenta. Ƙawata ta zo wucewa, tsakanina da ita bai fi in miƙa hannu ba. Muka haɗa ido. Ta ɗan ɗaga hannunta na hagu ta dunƙule shi, alamar ta riƙe, ta huce. Girgiza kai kawai ake bukata, sau ɗaya, da ta gane, domin ta fi ni saurin ganewa. Sai na tuna da sakamakona duka tara, na tuna da fuskar babana. Na duƙa ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba, ban ɗago ba sai da layin ya ƙare.

Bayan an tashi na same ta a gindin darbejiyar bakin ƙofar makaranta, idonta ya yi ja.

"Allah shi saka maki da alheri," ta ce. "Kin san nawa na samu? Ashirin da huɗu da ɗigo biyat. Sau uku. Na sake na huɗu, na sake na biyat, shina nan bai motsa ba. Kahin in ankara lokaci ya tahi, ɗayar tambayar, ta gano irin gishiri, rabi na yi. Sai na soke nawa na sa taki. Ban san mi ya samu hannuna ba yau."

Na ce mata tsoro ne, kowa ma yana yi. Na gaya wa kaina ai ban tabbata ba, ƙila sabon ruwan ya zo daidai da tsohon. Na ƙara da cewa akwai sauran jarrabawa a gaba, bai kamata in tayar mata da hankali ba. Da aka gama jarrabawar sai na ce bari sakamako ya fito tukuna. Dalilai ba su taɓa yi min ƙaranci ba.

Sakamako ya fito bayan watanni. Na ci A1. Ita ta samu kiredit a komai, har Turancin da muke jin tsoro, amma kemistiri fas. Ba ta ko taka makarantar ba, yayanta ta aika ya karɓo mata takarda. Ni na je da kaina, da sabon mayafi. Malam ya yi min barka, sannan ya cire hula ya ajiye a tebur ya fara faɗa. Ya ce 'yan rukuni na biyu sun ba shi kunya, da yawansu lambar rukunin farko suka kwafa, alhali ruwansu daban ne, nasu ashirin da huɗu da ɗigo biyar ya ba shi.

"Har ƙawarki, wadda nake taƙama da ita. Da idona na gani muna haɗa takardu, ta soke daidai ta rubuta kuskure a sama. Ban san wadda ta cuce ta ba. Ki ce mata ta zo ta gan ni, ta sake zama baɗi. Yarinyar nan da ido rufe za ta ci."

Na ce to, Malam, zan gaya mata. Ba a daɗe ba aka yi masa sauyin wurin aiki.

Na je ƙauyensu a satin. Innarta ta dama min fura da nono mai kauri, irin wadda ta san ina so. Mahaifinta na zaune a kan buzu a ƙofar gida, ya kira ni bayan mun gama gaisawa.

"Ɗiyata, ke ce take jin maganarki. Na ce a sake yi mata rajista, ta ƙiya. Ki yi mata magana."

Na ce in Allah ya so. Muka shiga ɗaki ni da ita, ta zauna a bakin gado ta ce kar ma in fara.

"Abin da na hi iyawa a duniya shi ne gwajin nan. Ranar da ake bukatarsa, na kuskure da nisa, sau biyat, ban ma san na kuskure ba. An ba ni amsa a hannu kuma ban ci ba. Wadda za ta auna ma marar lahiya magani, in ta tsorata hannunta ya ɓace haka ba ta sani ba, ai kisa za ta yi. Gara da Allah ya nuna mani tun yanzu."

Saƙon Malam yana bakina. Jimla biyu ce. Amma in na faɗa, sai ta tambaye ni yaushe na sani, sai in faɗi jarka, sai in faɗi takalmi. Mahaifinta zai ji, gidanmu za su ji, A1 ɗin da ake ta zuwa yi min barka a kansa zai koma abin nuni. Ga takardar shiga jami'a ina jira. Na buɗe baki na ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Na shanye furar, suka raka ni bakin titi da ƙwaryar man shanu in kai wa Mama.

Wannan shi ne laifin. Na tagar da na bakin ƙofa zan iya cewa yarinta ce. Na ɗakin nan ba ni da abin cewa.

Ba mu rabu ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Na tafi jami'a na karanta harhaɗa magunguna, ita ta auri wani mai sayar da atamfa da suka daidaita da kansu, suka buɗe shago a Babbar Kasuwa, kuma kowa ya san ita ce shagon. Na je bikinta, ta zo nawa. Sunan 'ya'yana ba ta taɓa fashi ba. Ba ta cikin wahala, har Makka ta riga ni zuwa, ni kuma na riƙe wannan ina fakewa da shi: ai ga shi ta samu rufin asiri, me tone-tone zai ƙara? In wani nata ba shi da lafiya takan turo shi kantina ta ce, ku je wajen ƙawata, ita ce mai kai. Mahaifinta ya rasu, na je gaisuwa na yi kuka fiye da wasu 'yan gidan, mutane suna cewa ga aminiyar kirki.

Bara na shiga kasuwa neman atamfar wani biki. Na same ta ita kaɗai a shago. Muka gaisa, ya gida, ya yara, ya maigidan, ya kasuwa, ya gajiyar rannan, ta sa aka kawo min ruwa. Tana zaro min turame tana ba ni labarin babbar 'yarta da ta gama aji uku, wai malamai sun dage a sa ta ajin kimiyya.

"Na ce a'a, ta tahi ajin kasuwanci. Kuka take ta yi, har ubanta ya sa baki. Amma ni na san jinina. Muna iyawa a gida, ranar da ake bukata sai hannu ya ci amanarmu. Ba ni so ta sha abin da na sha."

Kusan shekara ashirin na ɗauka shirun nan ya tsaya a kanta ita kaɗai, har na saba da nauyinsa. Sai ga shi zai haye kan yarinyar da ba a ma haifa ba lokacin. Na ajiye turmin da ke hannuna na ce ta zauna, akwai maganar da na riƙe mata. Na faɗa duka, a jere, ban rage ba: jarkar, sabon haɗin, takalmin, abin da Malam ya ce, saƙon da ya ba ni. Ban yi kuka ba, don na ga ba ni da hurumin yin kuka a wurin.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Maimaita lambar Malam."

"Ashirin da huɗu da ɗigo biyat."

"Ke nan daidai na yi."

"Daidai kika yi. Duk sau biyat ɗin."

Wata mata ta shigo tana tambayar leshi. Ƙawata ta tashi ta gaishe ta, ta sauko mata da kala uku, suka yi ciniki, ta naɗe ta sa mata a leda, ta ce a gaida gida. Ni ina zaune ina kallon ƙasa. Sai da matar ta yi nisa ta dawo ta zauna.

"Na taga, ni na kalla, kuma ni na soke da hannuna, ba ke ba. Na takalmi, tsoro ne, ƙila ni ma haka zan yi. Waɗannan na yahe tun kahin ki rufe baki." Ta ɗago ta dube ni. "Amma kin zo gidanmu. Baffa ya roƙe ki. Kin san mi yake cewa har ya rasu? Wai shi ne ya ɗora mani abin da ya hi ƙarhina, don son ransa. Sau biyu yana neman gahwarata a kan haka, na biyun a gadon asibiti. Ni kuma na ce mashi na yahe."

Ta naɗe min atamfar da na zaɓa, ta raka ni har bakin layi kamar yadda ta saba, ta ce in gaida yara.

An sa yarinyar a ajin kimiyya. Ba ita ta gaya min ba, a bakin wata na ji. Na kira ta sau uku tun daga ranar. Tana ɗauka, mu gaisa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi kowa da sunansa, sannan ta ce ana jiranta a shago. Ban sake ce mata ta yafe min ba. Rabin haƙƙin ba nata ba ne, na tsohon da ya zauna a kan buzu ya kira ni ɗiyarsa ne, kuma na bari har aka binne shi ban gaya masa 'yarsa ta iya ba.